Yadda za ka buɗe ajin koyon karatu kyauta a unguwarku

Tun da labarin ajin da muke yi a zauren gidanmu ya fita ban huta da tambaya ba. Wani ya tare ni a ƙofar masallaci, wata ta aiko ƙanenta, wasu kuma ta waya: "Malam, mu ma muna son irin wannan a unguwarmu, ta ina ake farawa?" Yawancin masu tambayar sun gama sakandare ko NCE ko digiri suna jiran aiki. Kullum suna kan benci a majalisa ana kukan lalacewar ilimi, alhali yaran da ake kukan dominsu ga su nan a gabansu suna langa, ɗan aji biyar bai iya rubuta sunan mahaifinsa ba. Daga wannan bencin ni ma na taso, don haka ba gori nake yi ba.

Azuzuwan da na ga sun mutu, kaɗan ne rashin kuɗi ya kashe. Yawanci an fara ne da abin da ya kamata ya zo a ƙarshe: suna, tambari, riguna, shugaba da sakatare, kafin a san yaro nawa ne a layin suka san baƙi. Shi ya sa na jero matakan yadda ya kamata su biyo juna. Da "ka" zan yi magana, amma 'yan'uwa mata, maganar taku ce, har ma kun fi mu samun shiga gidaje.

Mataki na 1: Auna kanka kafin ka auna yara

Ɗauki takarda ka amsa tambaya uku. Me na iya da zan iya koya wa wani? Awa nawa nake da ita a mako wadda babu mai raba ni da ita? Wata nawa zan iya jurewa ko babu wanda ya ce sannu?

Amsar ta farko tana da sauƙi fiye da yadda kake zato. In kana karanta wannan rubutu ba tare da ka tsaya kana haɗa baƙi ba, kana riƙe da abin da yara da yawa a layinku ba su da shi. Ta biyun ce ake yi wa kai ƙarya a cikinta. Kwana uku a mako, awa ɗaya da rabi kowace rana, ya wadatar. Wanda ya ce kullum zai yi, mako uku ake ganinsa.

Kafin ka gaya wa kowa, gwada kanka a gida. Tara yaran gidanku biyu ko uku, ƙanne ko 'ya'yan yayye, ka koya musu a ranakun da ka zaɓa har mako biyu. In ka cika zama shida ba fashi, ci gaba. In ɗaurin aure da kallon ƙwallo sun cinye uku daga ciki, rage kwanakin ko ka canza lokacin tun babu wanda ya dogara da kai.

Gargaɗi: in abin da ke ranka shi ne wata ƙungiyar turawa ta gan ka ta kawo tallafi, ko ka tara hotunan da za ka nemi kansila da su, ajiye alli. Yara suna gane wanda ya zo dominsu, iyayensu ma haka.

Mataki na 2: Nemo mutum biyu, kada su wuce haka

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannu ashirin ma rusa ta suke yi. Mutum biyu kake bukata. Na farko wanda zai riƙe ajin ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai. Na biyu mace, matar aure ko babbar budurwa da unguwa ta yarda da tarbiyyarta, wadda za ta riƙe 'yan mata ta kuma shiga cikin gida ta yi magana da iyaye mata. Idan babu mace a tafiyar, ajinka na maza ne kawai ko ba ka so.

Sauran abokai da suka ce suna ciki, ba kowa ne zai koyar ba. Kafinta ya haɗa allo, mai shago ya riƙe kuɗi, mai babur ya ɗauko kaya daga kasuwa. Ba kowa aikin da ya iya, kada ka ba kowa muƙami.

Mataki na 3: Gaisuwa, kuma bi da bi

A nan ne na fara yin tuntuɓe. Na sa lokacin aji ƙarfe huɗu da rabi na yamma ban tambayi kowa ba. Ranar farko yara suka cika zaure har waje, na koma gida ina jin kaina a sama. Ashe rabinsu Islamiyya suka gudo. Kwana huɗu aka yi, maganar ta kai masallaci cewa wani yaro ya buɗe boko yana janye yara daga karatun addini. Sati na biyu yara uku suka zo, biyu a cikinsu 'yan gidanmu. Wata guda na yi ina ba da haƙuri kafin a sake sako mini su.

Ga yadda ya kamata in yi. Fara da mai unguwa, kuma ka tafi da wani dattijo na gidanku, kada ka je kai kaɗai. Bayan gaisuwa ka faɗi magana gajera: "Ranka ya daɗe, Allah ya sa mun ɗan taɓa karatu, muna zaune. Muka ce bari mu riƙa zama da ƙannenmu na unguwa muna nuna musu baƙi da lissafi, kyauta, in ka sa mana albarka." Sai ka yi shiru ka saurara. Zai tambayi ɗan gidan wane ne kai, wa ya turo ku, wa ke ba da kuɗi. Amsa gaskiya.

Daga nan sai liman, sai malamin Islamiyya da alaramman makarantar allo. A wurinsu tambaya za ka kai, ba sanarwa ba: "Allah gafarta Malam, wane lokaci ne yara ba sa wurinku, don kada mu shiga hakkin karatu?" Wannan tambayar kaɗai tana mayar da mai adawa abokin aiki. Alaramman da ya fi kowa tsananta mini da farko, shi ne daga baya yake turo almajiransa ran Alhamis da kansa.

Sai hedimastan firamaren da yawancin yaran ke zuwa. Nuna masa cewa taimako ka zo yi, ba tona asirin malamansa ba. Za ka bukace shi a mataki na tara. Iyaye su ne na ƙarshe, gida-gida, kai ka sallama wa maigida, abokiyar aikinka ta shiga ciki.

Gargaɗi: kada ka kira abin "makaranta", kada ka kafa allon suna a ƙofa. Makaranta mai zaman kanta tana da ƙa'idoji da rajista a hukumar ilimi. Kai darasi kake yi wa ƙanne. Ka bar shi a "aji" ko "darasi".

Mataki na 4: Wuri da lokaci

Wurin ya zama a bayyane, inda mai wucewa zai leƙa ya ga abin da ake yi: zaure, rumfar ƙofar gida, inuwar darbejiya, ko ajin firamare bayan an tashi idan hedimasta da kwamitin kula da makaranta sun amince. A tabbatar akwai bayan gida kusa da kuma ruwan sha. Ɗakin saurayi ba wurin aji ba ne, ko da ya fi ko'ina faɗi.

Lokaci kuwa unguwa ce za ta ba ka shi. Makarantun allo suna hutun Alhamis da Juma'a, don haka waɗannan ranaku ne na almajirai. Islamiyyu da yawa na yamma ne, wasu na safiyar Asabar da Lahadi. 'Yan mata masu talla suna da lokacin fita da na dawowa, uwa ce za ta gaya muku. A wurinmu abin da ya zauna shi ne ƙarfe biyu da rabi zuwa La'asar, bayan an dawo daga boko an ci abinci. Ajin dare ya fi dacewa da manya, yara kuwa barci suke yi, ga sauro, ga iyaye ba sa son 'ya mace a waje bayan Isha.

Tun yanzu ka san cewa azumi, damina da girbi za su taɓa ajin. Da azumi mu hutu muke bayarwa gaba ɗaya. A ƙauye, in ruwa ya zauna yara gona suke, gara ka rage zuwa kwana ɗaya da ka yi ta jiran waɗanda ba za su zo ba.

Mataki na 5: Kaya da kuɗi

Farashi ba ya kwana inda ya wuni, don haka adadin kaya zan ba ka, kai ka je layin masu sarin littattafai a babbar kasuwarku ka tambayi kuɗin dozin. Kada ka saya ɗai-ɗai a shagon unguwa. Wannan lissafin yara 20 ne, kuma kada ka wuce 20 a zagayen farko.

Abin da ake saya sau ɗaya: katakon filawud guda, mai ƙafa 8 da ƙafa 4. Kafinta ya raba shi biyu, rabi ya zama babban allo, ɗaya rabin a yayyanka ƙananan alluna na hannu. Ƙaramin gwangwanin baƙin fenti na allo. Ka jaddada wa mai fenti na allo kake so, domin fenti mai sheƙi alli ba ya kama shi, mu sai da muka kankare namu da sanfefa muka sake. Tabarmar roba uku manya, randa ko jarka da kofi, buta biyu, da akwati mai kwaɗo na ajiye kaya.

Abin da ke ƙarewa: kwalin alli ɗaya a wata, fensir dozin biyu, littafin rubutu mai falle 40 guda goma. Goma na ce ba ashirin ba, saboda za ka kai wa masu buga takardu su datse kowanne biyu. Ɗan koyo ba ya bukatar dogon shafi, kuma in ya ɓatar rabin littafi ya ɓatar. Fensir ma a raba shi biyu. Katunan baƙaƙe kuwa kwalin taliya ko na sabulu za ka roƙa a shago, ka yanka kamar tafin hannu, ka rubuta da alƙalamin maka.

Abin da ke cin kuɗi a ɓoye shi ne hoton takardu. Shafi ɗaya sau ashirin, sau uku a mako, kafin wata ya ƙare ya fi kuɗin alli da fensir a haɗe. Rubuta a allo su kwafa, ko ka buga kwafi biyar ka sa a leda su riƙa karɓa-karɓa.

Ta ina kuɗin zai fito? Daga aljihunka da na mutane ƙalilan da ka sani. In mutum goma suka ɗauki naira 1,000 kowane wata, 10,000 ke nan, kuma ka san fuskar kowa. Mai shago ya riƙe, a rubuta shiga da fita a littafi guda, a karanta wa masu bayarwa duk ƙarshen wata ko ba su tambaya ba.

Gargaɗi: littafi da fensir a aji suke kwana, cikin akwati, har sai yaro ya yi wata guda yana zuwa. Wanda ka ba ya tafi da shi gida, gobe a hannun mai ƙosai za ka ga shafukan. Sannan kada ka fara raba biskit ko alawa. Ranar da babu, babu aji.

Mataki na 6: Gwada kowane yaro shi kaɗai

Wannan ne matakin da kusan kowa ke tsallakewa, kuma shi ne ƙashin bayan aikin. Shekarun yaro da ajin da yake a makaranta ba sa gaya maka komai. Na ga ɗan aji shida da bai san "m" ba, na ga 'yar shekara bakwai da ke karanta rubutun jikin buhun shinkafa. Dabarar raba yara bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ba, ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta yaɗa ta, an kuma yi aiki da ita a makarantun Borno da wasu jihohin Arewa. Ba ta bukatar komai sai takarda guda da haƙuri.

Rubuta takardar da manyan baƙaƙe, ka kasa ta huɗu. Kashi na ɗaya baƙaƙe goma a warwatse, ba a jere ba. Na biyu kalmomi goma masu sauƙi: gida, rana, tuwo, kaza, riga da irinsu. Na uku jimloli huɗu gajeru, misali: "Inna ta dafa tuwo. Ta zuba miyar kuka. Mun ci mun ƙoshi. Kaka ta ba mu labari." Na huɗu ɗan labari mai jimla takwas zuwa goma.

Zauna da yaro gefe guda, sauran suna nesa. Tambaye shi sunansa da abin da ya ci, ka bari ya saki jiki, kada ka ambaci kalmar jarrabawa. Fara da jimlolin nan huɗu. In ya karanta su a matsayin magana, kuskurensa bai wuce uku ba, kai shi labari. In ya kasa, sauko kalmomi, ya zaɓi biyar, in ya sami huɗu to matakinsa kalma ne. In ya kasa, sauko baƙaƙe, nan ma huɗu cikin biyar. Wanda bai kai haka ba ɗan fari ne. Rubuta sunansa da matakinsa da kwanan wata. Minti biyar ya ishi yaro ɗaya, yara ashirin kwana biyu ke nan kai da abokin aikinka.

Lissafi ma haka: ya gane lamba 1 zuwa 9? Ya gane 10 zuwa 99? Zai iya ɗebe 27 daga 53 a rubuce?

A nan za ka ga abin mamaki. Wata yarinya mai tallan gyaɗa ta kasa rubuta 53, na ce mata, "To in na sayi gyaɗar ɗari uku da hamsin na ba ki dubu ɗaya fa?" Ko numfashi ba ta ja ba ta ce, "Canjinka ɗari shida da hamsin, Malam, amma ba ni da hamsin, sai dai ka ƙara gyaɗa." Lissafin yana kanta, rubutunsa ne babu. Irin waɗannan da kuɗin wasa na takarda ake fara musu, cikin 'yan makonni sai su wuce 'yan boko.

Bayan gwaji raba su gida uku: masu baƙi, da 'yan fari a cikinsu, sai masu kalma, sai masu jimla da labari. Kowane gida tabarmarsa.

Gargaɗi: kada ka sanya wa rukunan suna da zai nuna na gaba da na baya. Mu sunayen itatuwa muka ba su, Kuka da Tsamiya da Giginya. Yaro ɗan shekara goma sha uku da aka zaunar da 'yan shekara bakwai kunya za ta kore shi, don haka ba shi aiki, shi ne mai raba alli, shi ne mai fito da kaya daga akwati.

Mataki na 7: Yadda awa ɗaya da rabi ke tafiya

Minti goma na farko kowa a haɗe, ka karanta musu ɗan labari da murya, kana bin rubutun da yatsa, ka tambaye su me ya faru, me za su yi da su ne. Sai minti 25 kowane rukuni a tabarmarsa ana baƙi da kalma. Minti 20 rubutu. Minti 25 lissafi. Minti goma na ƙarshe wasa ko kacici-kacici, a yi addu'a a tashi.

Da Hausa za ka fara. Iyaye za su ce, "Mu Turanci muke so ya iya." Ka ce musu za a zo wurin, amma yaron da ke fama da baƙi da kuma harshen da bai sani ba lokaci guda kaya biyu aka ɗora masa. Rubutun Hausa yadda aka faɗa haka ake rubutawa, shi ya sa yaro ke saurin kama shi, kuma dabarar haɗa baƙi in ta zauna, da ita zai shiga Turanci.

Kada ka fara da waƙar ABCD. Yara da yawa sun haddace ta tas, amma nuna musu baƙi ɗaya a tsakiya sai ido. Koyar da sautin baƙi, ba sunansa na Turanci ba, kuma ba sai a jere ba. Fara da a, m, n, k. Da waɗannan huɗun kaɗai, a makon farko yaro zai karanta nama, kaka, kama, mana. Ƙara i, ga aiki, ga inna, ga kai da mai. Ranar da yaro ya haɗa "na" da "ma" da kansa ya ji nama ya fito daga bakinsa, dubi fuskarsa. Baƙi biyu ko uku a mako ya isa, kowanne a zagaya da shi cikin wasula biyar: ma me mi mo mu.

Almajirai da 'yan makarantar allo suna da wata riba da ba a cika lura da ita ba. Sun riga sun bi babbaƙu da farfaru, sun san cewa baƙi shi kaɗai ba ya magana sai an sa masa wasali. Ka ce musu kawai, "Waɗannan su ne babbaƙun boko, waɗannan biyar ɗin farfarunsa, sai dai a nan wasali gefen baƙi yake zama, ba sama ko ƙasa ba." Abin da za ka yi ta gyarawa shi ne hannu, domin daga dama suke son farawa. Sa ɗigo a gefen hagu na allonsu.

Baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, kada ka bar su sai ƙarshe kamar wasu baƙi. Koyar da su da kalmomi biyu-biyu da za su ba yara dariya: kafa da ƙafa, baki da baƙi, bata da ɓata, daka da ɗaka. Haka sh da ts da 'y, kowanne sauti guda ne ko da an rubuta shi da alama biyu. 'Yan'uwanmu na Nijar ƴ suke rubutawa a inda muke sa 'y, in littafin can ya faɗo hannunka kada ka ɗauka kuskure ne. Rikicin b da d kuwa kowane yaro yana yinsa, kada ka koyar da su a mako guda.

Masu kalma su riƙa gina jimla da katuna, masu labari su karanta wa juna biyu-biyu sannan su rubuta nasu, ko layi uku ne a kan akuyar gidansu. Abin karantawa shi ne zai fara ƙare maka. Tambayi malaman firamare, domin shirin RANA a Katsina da Zamfara da shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato sun samar da kayan koyon karatun Hausa na ƙananan azuzuwa. A intanet kuma African Storybook da Bloom suna da gajerun labaran yara da Hausa kyauta. In duk babu, sa kaka ta ba da tatsuniya, kai ka rubuta a kwali.

Lissafi da tsinke ake yi. Tsinken tsintsiya goma a ɗaure da roba ya zama ƙulli ɗaya. Hamsin da uku ƙulli biyar ne da tsinke uku. In za a ɗebe bakwai daga uku, dole a kwance ƙulli guda, kuma yaro da hannunsa zai kwance. Abin da ake kira aro ke nan, wanda aka yi shekaru ana haddace masa bai san me ake arowa ba.

Gargaɗi: karatun amshi yaudara ne. Ka faɗa su maimaita da ƙarfi, zaure ya ɗauka, kai kana jin daɗi, alhali uku ne ke karantawa sauran bakinsu suke bi. Kullum ka ɗaga yara biyar daban-daban, kowa shi kaɗai, ka nuna masa baƙin da ba shi ke biye ba.

Mataki na 8: Dokoki huɗu da ba a sassautawa

Babu bulala, babu zagi, babu "daƙiƙi". Yawancin waɗanda suka zo wurinka an riga an dake su a kan karatun nan bai shiga ba. Babu malamin da zai keɓe da yaro ko yarinya, ko a gwaji ne a gefe ake yi inda kowa ke gani. Babu aiken yara, ko sayen ruwan leda ne. Babu ɗaukar hoton yaro a sa a Facebook ko WhatsApp sai da izinin iyayensa, kuma ko da izini kada a rubuta "marayu" ko "marasa galihu" a ƙarƙashin fuskar ɗan mutane. Duk wanda zai shigo taimako, gaya masa waɗannan kafin ya taɓa alli, ko abokinka ne na ƙut-da-ƙut. A tashi a kan lokaci, 'yan mata su tafi a rukuni.

Mataki na 9: Rajista, bibiya da sake gwaji

Kira suna kowace rana. Yaron da ya yi fashi uku a jere, a je gidansu, ba da faɗa ba: "Baba, kwana biyu ba mu ga ɗan naka ba, muka ce ko lafiya." Sau da yawa za ka tarar da dalili ƙarami, an canza masa lokacin ɗiban ruwa ko wani babba a ajin yana tsokanarsa.

Bayan mako shida sake gwajin nan da sababbin kalmomi da sabon labari. Wanda ya haura a matsar da shi tabarma ta gaba ranar. In rukuni guda bai motsa ba, kada ka ce yaran ne, koyarwar za a duba: wataƙila kana sauri, ko kana yawan magana su suna kallo. Yaron da kullum yake matse ido ko yake juyo kunne guda, gaya wa iyayensa su kai shi asibiti a duba.

Wanda ya kai matakin labari ya gama da kai, a ba wani gurbinsa. In ba ya zuwa makaranta, nan ne gaisuwar da ka kai wa hedimasta za ta yi rana. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. Raka uban yaron da ƙafarka, ka tafi da takardar gwajinsa don a sa shi ajin da ya dace. In aka nemi takardar haihuwa, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, ana samun jami'anta a sakatariyar ƙaramar hukuma da wasu asibitoci. Iyaye mata da za su fara cewa su ma a koya musu, kuma za su ce, a haɗa su da hukumar ilimin manya ta jiha. Ta Kano tun 1980 take.

Mataki na 10: In abin ya fara suna

Wajen wata na huɗu baƙi za su fara zuwa. Wani zai ce a yi rajistar ƙungiya a buɗe asusun banki. Rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, tana bukatar amintattu da kundin tsari da sanarwa a jarida, kuɗinta zai riƙe ajin wata da watanni. In takarda ta zama dole, fara da ta sashen ci gaban al'umma na ƙaramar hukuma. Ɗan siyasa kuma zai aiko da littattafai masu hotonsa a bango. Mu mun ce a kawo marasa hoto mun gode, ba a sake dawowa ba. Ajin da aka san shi da jam'iyya, rabin unguwa za su janye 'ya'yansu.

Abin da ya fi rajista muhimmanci shi ne magaji. Aiki zai zo, ko aure, ko takardar bautar ƙasa ta jefa ka wata jiha. Tun wata na biyu ka fara ba manyan yaran rukunin labari minti goma-goma suna riƙe 'yan baƙi kana kallo. Ɗaliban kwalejin ilimi da ke hutu da masu bautar ƙasa da aka turo unguwarku su ma a gwada su, bayan an karanta musu dokokin mataki na takwas. A cikin akwati kuma kullum a sami abu huɗu: rajistar suna, takardun gwaji da sakamakon kowa, littafin kuɗi, da takarda guda da ke nuna baƙin da kowane rukuni ya tsaya a kai. Makulli biyu ne, ɗaya a wurinka, ɗaya a wurin abokiyar aikinka.

Damina ta biyu zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni kwana tara. Ran na huɗu ina kwance a ɗaki na jiyo "tsa tse tsi tso tsu" daga zaure, da wata siririyar murya tana cewa, "A'a, kai kaɗai za ka faɗa, saura ku yi shiru." Mai gyaɗar nan ce. Ta duba takardar cikin akwati ta ga inda muka tsaya.